Shin ya kamata ma'aikata su riƙe ragamar kamfanin da suke yi wa aiki? Tambayoyi da amsoshi

Mutum zai shekara ashirin yana tashi da asuba yana zuwa masana'anta, ya san kukan kowane inji, ya san wanda ke gab da tsayawa tun kafin injiniya ya sani, amma ranar da za a rufe wurin sai dai ya tarar da kwaɗo a bakin ƙofa da takarda manne a bango. Daga nan wannan muhawara ta samo asali. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi jefo mini duk lokacin da na ce ya kamata ma'aikaci ya sami ƙuri'a a wurin aikinsa, kuma wasunsu suna da nauyin da ba zan raina ba.

Me ake nufi da ma'aikata su mulki kamfani?

Abubuwa uku ne ake yawan cakuɗawa. Akwai inda ma'aikata ke da hannun jari kawai, suna samun rabon riba amma ba su da bakin magana. Akwai inda doka ta ba su kujeru a hukumar da ke sa ido kan shugabannin kamfani, su zauna tare da wakilan masu jari, kamar a Jamus. Sai na uku, inda kamfanin kacokan nasu ne, kowane ma'aikaci ƙuri'a ɗaya, mai shara da babban injiniya daidai wa daida, su zaɓi shugabanni su kuma sauke su. Wannan na ukun shi ne ƙungiyar gama-kai ta ma'aikata, kuma a kansa aka fi ja-in-ja.

Ai mai kuɗi shi ya zuba jarinsa. Da wane dalili lebura zai yi masa iko da dukiya?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace ƙarfi. Wanda ya sayar da gonarsa ya buɗe shago ya ɗauki yara biyar, ba na ganin adalci a ce yaran su kaɗa ƙuri'a su kore shi. Haƙƙinsa ne, guminsa ne.

Amma a duba babban kamfani mai ma'aikata dubu biyar. Masu hannun jarinsa galibi ba su taɓa taka ƙofar masana'antar ba. Wasu asusun fansho ne a wata ƙasa, wasu sun sayi hannun jarin da safe za su sayar da yamma. Doka ma ta taƙaita asararsu ga abin da suka zuba, kuma mai hankali a cikinsu ya raba kuɗinsa a kamfanoni talatin, in ɗaya ya faɗi ko a jikinsa. Ma'aikaci fa? Ba ya iya raba kansa gida talatin. Ya zuba ƙuruciyarsa, ya koyi sana'ar da wataƙila babu mai bukatarta a wani wuri, ya gina gida kusa da masana'antar, ya sa yara a makarantar unguwar. In kamfanin ya durƙushe, shi ne ke rasa komai a rana ɗaya. Ana cewa iko na wanda ya ɗauki kasada ne. To na yarda, sai dai a ƙirga kasadar kowa.

Akwai kuma batun iko shi kansa. Kamfani ne ke yanke wa mutum lokacin tashi, lokacin cin abinci, ko zai samu ya yi salla a kan lokaci, ko zai je jana'izar ɗan'uwansa. Shugaban ƙaramar hukuma bai da rabin wannan iko a kan rayuwarka, amma shi kana da damar zaɓensa. Sai a ce ai in ba ka so ka bar aikin. Wanda ke da iyali a garin da masana'anta ɗaya ce tak ya san cewa wannan ba zaɓi ba ne.

An taɓa gwada shi a zahiri, ko zancen takarda ne?

An gwada, kuma misalin da ya fi shahara yana yankin Bask a arewacin Sifaniya, a wani gari cikin duwatsu da ake kira Mondragon. A 1941 aka tura wani matashin limamin cocin Katolika, José María Arizmendiarrieta, zuwa garin, wanda yaƙin basasa ya bari cikin yunwa da gaba. Bai fara da kamfani ba. A 1943 ya buɗe makarantar koyon sana'a ga 'ya'yan leburori, da gudummawar mutanen gari. Sai bayan shekara goma sha uku, a 1956, biyar daga cikin ɗalibansa suka kafa ƙaramar masana'antar ƙera risho da na'urar ɗumama ɗaki masu aiki da kananzir, suka raɗa mata suna Ulgor daga haruffan sunayensu.

Abin da ya sa ba su mutu a ƙuruciya kamar sauran irinsu ba shi ne abubuwan da suka gina a gefe. A 1959 suka buɗe bankinsu, Caja Laboral, wanda ke tara ajiyar mutanen yankin yana ba sababbin ƙungiyoyi jari tare da masu ba da shawara. Da gwamnati ta ce su masu zaman kansu ne ta cire su daga tsarin inshorar ma'aikata, sai suka kafa nasu asusun lafiya da fansho, Lagun Aro. Daga baya aka samu cibiyoyin bincike, jami'a, da manyan kantunan Eroski. Yau rukunin, wanda ake kira Mondragon da sunan garin, yana da ƙungiyoyi kusan 80 da ma'aikata wajen 70,000, suna ƙera kayan gyaran mota da injinan masana'antu da ake sayarwa a duniya.

Ba Turawa kaɗai ba. A jihar Kerala ta Indiya, leburori 14 ne suka kafa ƙungiyar Uralungal a 1925 don su riƙa karɓar kwangila da kansu. Yanzu tana gina manyan tituna da gadoji da ma'aikata sama da dubu goma. A garin Imola na Italiya makanikai tara suka kafa SACMI a 1919, yau tana cikin manyan masu ƙera injinan yin tayil a duniya.

To sai an kira taro kafin a sayi ƙusa ke nan?

A'a. A Mondragon babban taron mambobi yana zama aƙalla sau ɗaya a shekara, ya duba lissafi, ya amince da tsarin shekara mai zuwa, ya zaɓi majalisar gudanarwa daga cikin mambobi. Majalisar ce ke naɗa janar manaja, ita ce kuma ke sallamarsa. Da zarar an shiga bakin aiki, manaja manaja ne, wanda ya makara a hukunta shi. Bambancin shi ne manajan ya san waɗanda yake ba umarni yau su ne za su tambaye shi lissafi a ƙarshen shekara.

Amma girma yana da illa, idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. A 1974, lokacin da Ulgor ta kai ma'aikata fiye da dubu uku, ɗaruruwan mambobi suka shiga yajin aiki kan sabon tsarin auna albashi. Ka ji abin mamaki, masu kamfani suna yajin aiki a kamfaninsu. Aka kori jagororin, sai bayan wasu shekaru aka dawo da su. Darasin da aka ɗauka shi ne ƙuri'a sau ɗaya a shekara ba ta isa ta sa mai ɗaure ƙusa a layi ya ji cewa wurin nasa ne. Aka ƙarfafa majalisar da ke kai koken ma'aikata, aka kuma fi son a tsaga ƙungiya biyu in ta yi girma da yawa.

Kowa albashi ɗaya yake ɗauka?

Ba haka ba ne. A farkon Mondragon mafi girman albashi bai wuce ninki uku na mafi ƙanƙanta ba. Da suka ga ƙwararru suna guje musu sai suka faɗaɗa, yanzu a yawancin ƙungiyoyin ya kai wajen ninki shida. A manyan kamfanonin Amurka tazarar tana kaiwa ninki ɗaruruwa. Mambobi ne da kansu suke kaɗa ƙuri'a kan tazarar, kuma abin da na lura shi ne ba su taɓa zaɓar a daidaita kowa ba.

Idan kasuwa ta faɗi fa, wa zai yarda ya kori kansa?

Masana tattalin arziki biyu, Ben Craig da John Pencavel, sun yi nazarin masana'antun katako na arewa maso yammacin Amurka, inda na ma'aikata da na 'yan kasuwa ke sana'a ɗaya a kasuwa ɗaya. Suka gano cewa in farashi ya faɗi, na 'yan kasuwa suna rage mutane, na ma'aikata kuwa suna rage abin da kowa ke ɗauka su bar kowa a bakin aiki. An ga irin wannan a Italiya da Yurugwai. Wato wahalar tana nan, raba ta ake yi.

Sai dai akwai faɗuwar da rage albashi ba ya tare ta, kuma dole a faɗi labarin Fagor. Ita ce Ulgor ɗin nan ta farko, uwar dukan ƙungiyoyin, mai ƙera firji da injin wanki. A 2005 ta ci bashi mai nauyi ta sayi kamfanin Brandt na Faransa. Bayan shekara uku kasuwar gidaje ta ruguje a Sifaniya, masu sayen firji suka ɗauke ƙafa, ga kuma kaya masu araha daga Asiya. Mambobi suka rage wa kansu albashi, sauran ƙungiyoyi suka tara musu miliyoyin yuro, amma a ƙarshen 2013 'yan'uwan suka ce ba za su ƙara zuba kuɗi ba, Fagor ta durƙushe. Shugabannin da mambobi suka zaɓa ne suka amince da wancan sayen. Ƙuri'ar jama'a tana iya yin kuskure kamar yadda attajiri ɗaya ke yi.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi jan hankalina, ta fuska biyu. Mambobi kusan dubu biyu da ke yankin Bask, yawancinsu an nema musu gurbi a wasu ƙungiyoyin ko an yi musu ritayar wuri, duk da cewa jarin da suka zuba ya tafi. Amma Fagor tana da wasu dubban ma'aikata a Faransa da Folan da Maroko waɗanda ba mambobi ba ne, ba su da ƙuri'a, ba su da gurbin da za a mayar da su. A wajensu, Fagor ubangida ce kamar kowane ubangida. Wannan shi ne babban tabon da ke jikin Mondragon har yau: ma'aikatan rassanta na ƙasashen waje da 'yan wucin gadi suna aiki ƙarƙashin ma'aikata 'yan'uwansu. Duk mai goyon bayan wannan tsari da ya ɓoye maka wannan bai yi maka adalci ba.

Yaya na Jamus yake, tunda can kamfanonin ba na ma'aikata ba ne?

Jamus ta bi hanyar tsakiya, kuma da doka. Tun 1951 aka ba ma'aikatan kwal da ƙarfe rabin kujerun hukumar sa ido, bayan ƙungiyoyin ƙwadago sun yi barazanar yajin aiki. Dokar 1976 ta faɗaɗa abin: duk kamfanin da ya haura ma'aikata 2,000, rabin kujerun na ma'aikata ne, sai dai shugaban hukumar daga ɓangaren masu jari yake fitowa, kuma in an yi kunnen doki ƙuri'arsa ce ke raba gardama. Kamfani mai ma'aikata 500 zuwa 2,000 kuwa kashi ɗaya cikin uku ne. Masu kamfanoni sun kai ƙara kotun tsarin mulki, ta yi watsi da ƙarar a 1979. Ban da wannan, duk wurin aiki mai mutum biyar zuwa sama yana da damar zaɓen majalisar ma'aikata, wadda dole a nemi yardarta kan lokutan aiki da tsarin hutu, a kuma saurare ta kafin a sallami kowa.

An yi ta cewa wannan zai kori masu jari. Shekara kusan hamsin ke nan, Siemens da BMW da Volkswagen suna nan. A 1993 da kasuwar mota ta yi sanyi, Volkswagen ta ce tana da rarar ma'aikata wajen 30,000. Maimakon kora, aka daidaita kan aikin kwana huɗu a mako da ragin albashi. Amma a wannan kamfanin ne kuma aka bankaɗo a 2005 cewa ana saye wasu shugabannin majalisar ma'aikata da kuɗi da tafiye-tafiyen shaƙatawa, har kotu ta ɗaure babbansu. Wakilin ma'aikata mutum ne, in ba a sa masa ido ba zai iya zama ɗan amshin shatan manaja.

Wannan ba gurguzu ba ne aka sauya wa riga?

A Tarayyar Sobiyet gwamnati ce ke da masana'anta, ita ke naɗa shugaba, ma'aikaci bai da ta cewa, yajin aiki ma bai isa ya yi ba. Ƙasar gurguzun da ta fi shahara wajen gwada ba ma'aikata ragama ita ce Yugoslabiya, daga 1950, bayan shugabanta Tito ya ɓata da Stalin na Tarayyar Sobiyet. Majalisun ma'aikata suna zaɓen shugabanni suna raba riba, amma masana'antar ba tasu ba ce, ta "al'umma" ce, kuma jam'iyya ɗaya ce ke tsaye a bayan kowane darakta. Tunda ma'aikaci ba zai tafi da komai ba ranar da ya bar aiki, sai ya fi son a raba ribar yau a ci bashin banki don gobe. In an yi asara gwamnati ta cike. Rashin aikin yi ya yi yawa har dubban ɗaruruwa suka tafi ci-rani Jamus, hauhawar farashi kuma ta cinye ƙasar a shekarun 1980. Abin da na ɗauka daga nan shi ne ƙuri'ar da ba ta tare da ɗaukar asara ba ta haifar da kula. A Mondragon sabon mamba yana zuba jari na dubban yuro, ana cirewa daga albashinsa sannu a hankali, ribarsa tana taruwa a asusunsa, asara kuma tana zaftare shi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

In har yana aiki, me ya sa irin waɗannan kamfanoni ba su da yawa?

Binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna cewa in an kafa su, ba su fi sauran saurin mutuwa ba. Matsalar ita ce ba a cika kafa su ba. Mai dabarar kasuwanci ba shi da dalilin raba ta da mutum hamsin. Ma'aikata ba su da jari, banki yana neman jingina, mai kuɗin waje kuma ba zai zuba dukiya inda ba shi da ƙuri'a ba.

Nasara ma tana kashe su. Masana'antar katako ta Olympia a Amurka da ma'aikata 125 suka kafa a 1921 ta yi albarka har hannun jarin kowane mamba ya yi tsadar da sabon ma'aikaci ba zai iya saye ba. Sai aka riƙa ɗaukar leburori 'yan albashi, mambobi suna raguwa suna tsufa, a tsakiyar shekarun 1950 suka sayar da ita ga wani babban kamfani. Maganin da Italiya ta samo shi ne wani kaso na riba ya shiga asusun da ba a rabawa ko da an rushe ƙungiyar, don kada wani zamani ya cinye gumin na baya da rabon na gaba.

Kamfanin da masu shi suka rufe suka tafi fa, ma'aikata za su iya tayar da shi?

A Ajantina an yi, lokacin da tattalin arzikin ƙasar ya ruguje a 2001. Masu masana'antar tayil ta Zanon a lardin Neuquén suka rufe ta da bashin albashi a kansu. Ma'aikata suka yi zaman dirshan a wurin, a 2002 suka kunna injina da kansu, suka sa mata suna FaSinPat, wato masana'anta marar ubangida, a 2009 majalisar lardin ta mallaka musu ita. Ɗaruruwan wurare sun bi wannan hanya. Wasu sun tsaya da ƙafarsu, wasu suna ta fama da tsofaffin injina da tsadar wuta da gas, otal ɗin Bauen na Buenos Aires da ma'aikata suka riƙe tun 2003 ya rufe a 2020.

Italiya ta fi tsara abin. Dokar Marcora ta 1985 ta ba ma'aikatan kamfanin da ke shirin rufewa damar karɓar kuɗin tallafin rashin aikinsu a dunƙule su mayar da shi jari, wata hukuma kuma ta ƙara musu kuɗi da ƙwararru.

Duk wanda ya san Kakuri a Kaduna zai tuna masaƙun da suka ɗauki dubban mutane, waɗanda suka rufe ɗaya bayan ɗaya tun farkon shekarun 2000, wasu tsofaffin ma'aikatan suka rasu suna jiran kuɗin sallama. Ba zan ce ƙuri'a za ta ceci masaƙun nan ba. Rashin wuta, tsadar baƙin mai da atamfar fasa-ƙwauri ne suka kashe su, kuma babu taron ma'aikata da zai kawo lantarki. Amma da ma'aikata suna da kujera a inda ake duba littafin kuɗi, da sun ga abin yana tahowa tun da sauran lokaci, da sun san ko an ware kuɗin garatutinsu ko ba a ware ba.

Addini ya hana irin wannan haɗin gwiwa?

Hukunci na malamai ne, amma tsarin ba baƙo ba ne a fiƙihu. Musharaka sananniya ce, riba bisa yarjejeniya, asara gwargwadon jarin kowa. Malaman Malikiyya sun kuma halatta masu sana'a su yi tarayya da aikin jikinsu su raba abin da suka samu, bisa sharuɗɗa. Inda mai kafa irin wannan ƙungiya zai yi hattara shi ne wajen neman jari, kada ya faɗa bashin ruwa.

Ƙungiyar ƙwadago ba ta wadatar ba?

Ƙungiyar ƙwadago tana ciniki ne kan abin da aka riga aka yanke a sama: nawa za a biya, mutum nawa za a sallama, a kan wane sharaɗi. Ba ta cikin ɗakin lokacin da ake shawarar cin bashi ko sayar da filin kamfani. Duk da haka ko a kamfanin ma'aikata ana bukatarta, musamman saboda waɗanda ba mambobi ba, kamar yadda labarin Fagor ya nuna.

To gwamnati ta tilasta wa kowane kamfani ke nan?

Suwidin ta gwada abin da ya yi kusa da haka. A 1976 ƙungiyar ƙwadagon ƙasar ta rungumi shawarar masanin tattalin arziki Rudolf Meidner, cewa manyan kamfanoni su riƙa mayar da wani kaso na ribarsu hannun jari a asusun ma'aikata har ma'aikata su zama masu rinjaye. A watan Oktoban 1983 dubun dubatan mutane suka yi zanga-zangar ƙin amincewa a Stockholm. Abin da majalisa ta zartar ya fito a raunane, sabuwar gwamnati kuma ta soke shi a farkon shekarun 1990.

Don haka ba na goyon bayan ƙwace, kuma ƙaramin ɗan kasuwa a bar shi da shagonsa. Abin da nake ganin ya dace doka ta tilasta wa manyan kamfanoni shi ne kujerun ma'aikata a hukumar gudanarwa, waɗanda ma'aikatan da kansu za su zaɓa a ɓoye, har da 'yan kwantiragin da suka daɗe a wurin, tare da haƙƙin ganin rahoton mai binciken kuɗi. Sannan duk lokacin da za a rufe kamfani ko a sayar da shi, a fara yi wa ma'aikata tayi, a ba su wa'adin da za su haɗa kuɗi, bashin albashi da garatutin da suke bi a lissafa shi cikin farashin. Ƙungiyar da ta nemi rangwamen haraji da sunan ta ma'aikata ce kuwa, a sharɗanta mata cewa duk wanda ya yi mata aiki na wasu shekaru ƙayyadaddu yana da damar zama mamba, a kuma riƙa cire kuɗin shigarsa daga albashi kaɗan-kaɗan yadda mai shara ma zai iya biya.